Labarin Mai Awon Duwatsu Da Ƙurar Zinariyar Zamfara

Da sunan Allah ake fara kowane abu mai amfani. Bayan haka, wannan labari ne zuwa ga malamai da almajirai da fatake da 'yan kasuwa, musamman mazauna Ɗorayi da unguwannin da ke kewaye da ita, waɗanda ke maƙwabtaka da masana'antun Sharaɗa da na Chalawa, da kuma 'yan'uwansu na wajen Bompai. Labarin wani Bature ne mutumin Amurka, sunansa Geoffrey Plumlee, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen koyon yadda azurfa da zinariya ke taruwa cikin dutse, har ilmin nan ya kai shi ga warware wata mas'ala a kan annobar da ta ci rayukan yara wajen 400 a ƙasar Zamfara. Wanda ya saurara da kyau zai ga maganar ba ta Zamfara kaɗai ba ce, akwai rabon Kano a ciki.

Ku sani akwai wani fanni na ilmi wanda aikin ma'abotansa shi ne awon ƙasa da duwatsu da ruwa, don a san irin sinadaran da ke cikinsu, da yawan kowane, da inda ya fito, da inda zai nufa in an taɓa shi. Ba alkimiyar nan ba ce da 'yan damfara ke ruɗin mutane da ita, su ce za su mai da dalma zinariya. Ma'abocin wannan fanni ba ya mai da kome wani abu. Iyakarsa ya ɗauki dutse, ya niƙa, ya narkar, ya auna, ya faɗi abin da ya samu, ko ya yi wa mai dutsen daɗi ko bai yi ba.

Fasali na farko: karatunsa

Plumlee ya sauke karatunsa na fari a ilmin duwatsu a Jami'ar Niyu Meziko cikin shekarar 1980. A 1983 ya kama aiki da Hukumar Binciken Ƙasa ta Amurka, wadda aka kafa tun 1879 don ta san abin da ke kwance ƙarƙashin ƙasarsu. Yana aiki yana ƙarin karatu, har ya sami digirin dokta daga Jami'ar Harvard a 1989. Mazauninsa na aiki shekaru masu yawa shi ne birnin Denba, cikin jihar Kolorado, ƙasa ce ta duwatsu masu tsawo da tsofaffin ramukan haƙa.

Abin da ya yi bincike a kai don samun digirin nan shi ne ma'adinan wani ɗan gari da ake kira Creede, cikin duwatsun San Juwan, inda aka yi rububin azurfa wajen 1890, aka yi ta haƙa har 1985. Tambayar da ya ɗora wa kansa ita ce: me ya sa a rami guda za a tarar da azurfa ta yi yawa a nan, dalma ta yi yawa a can, wani wuri kuwa babu kome sai farin dutse?

Ga jawabin da masana wannan fanni suka kai gare shi, shi ma ya ƙara masa ƙarfi da lissafi. A wani zamani mai nisa, wanda suka ƙiyasta da shekara miliyan 25, wurin nan ƙasa ce ta duwatsu masu aman wuta. Ruwa ya nitse can ƙasa, ya gamu da zafi, ya ɗauki gishiri, har ya zama yana narkar da ƙarafan da ke warwatse cikin dutse, kamar yadda ruwan zafi ke narkar da kanwa. Sa'an nan ya biyo tsagogin dutse ya yi sama da kayansa. Inda ya tafasa, ko ya gamu da ruwan sanyi, sai ƙarfinsa ya ragu, ya kasa riƙe abin da ya ɗauko, ya zubar. Kowane ƙarfe kuwa da zangon da yake sauka, kamar ayarin da ya taso da kaya iri-iri, ya sauke kanwa a wannan gari, ya sauke goro a wancan. Da haka tsagar dutsen ke cika, ta zama abin da mahaƙa ke kira jijiya. Shaidar wannan magana tana cikin dutsen kansa, domin akwai 'yan ɗigon ruwan nan na dā da suka maƙale a ciki, ido ba ya ganinsu sai da madubin ƙara girma, daga gare su ake gane zafin ruwan da yawan gishirinsa.

Babbar fa'idar da ke cikin wannan karatu guda ce, a riƙe ta da kyau don za a dawo kanta. Zinariya da azurfa ba su cika tafiya su kaɗai ba. Ruwan da ya kawo su ya kan kawo abokan tafiya, dalma da jan ƙarfe da farar wuta da wasunsu. Mai haƙa zinariya yake nema, amma duk ayarin yake ɗaukowa.

Fasali na biyu: yadda aikinsa ya juya

Da farko an ɗauki irin su Plumlee ne don su nuna inda arziki yake. Abin da ya juya akalar aikinsa ya faru a cikin duwatsun nan na San Juwan, a wata mahaƙar zinariya mai suna Summitville. Wani kamfani ya yaye kan dutse ya buɗe ƙaton rami, ya kwashi abin da ya kwasa, sa'an nan a watan Disamba na 1992 ya ce ya karye, ya bar wa Gwamnati wurin. Abin da ya bari kuwa ruwa ne mai tsami, ɗauke da jan ƙarfe da sauran ƙarafa, yana gangarawa kogin Alamosa da manoma ke ban ruwa da shi, har kifaye suka mutu.

Plumlee yana cikin masanan da suka bi diddigin abin. Akwai wani dutse mai ƙyalli, rawaya-rawaya, wanda ke ruɗin baƙon haƙa ya zaci zinariya ce, alhali kuwa baƙin ƙarfe ne haɗe da farar wuta. Muddin yana binne ba ya cutar kowa. Amma in aka tono shi, iska da ruwan sama suka same shi, sai ya haifi ruwa mai ci, dangin ruwan batir. A wasu wurare akwai dutsen da ake yin siminti da irinsa, wanda ke kashe kaifin wannan ruwa. A Summitville kuwa babu shi da yawa, saboda haka babu abin da zai tare ɓarnar.

Daga nan shi da abokan aikinsa suka tsai da wata ƙa'ida: in an san irin ma'adini, da irin dutsen da ya kewaye shi, da yanayin ruwan saman wurin, to, ana iya faɗin irin cutar da zai haifar tun ba a sa diga ba. A 1999 shi da wani masani Mark Logsdon suka tattara babban littafi a kan wannan, wanda ɗaliban fannin ke komawa gare shi.

Sa'an nan ya ƙara matsawa gaba, daga lafiyar kogi zuwa lafiyar ɗan Adam. Ran 11 ga Satumba, 2001, da dogayen benayen nan biyu na birnin Niyok suka rushe, ƙura ta rufe gari, aka ɗebi ƙurar aka kai Denba. Shi da 'yan'uwansa suka jiƙa ta da ruwa suka auna, suka tarar tana da kaifi irin na ruwan toka mai ƙarfi, saboda garin siminti da ke ciki, ga kuma ɓarɓashin gilashi, abin da ke ƙona ido da maƙogwaro. Haka kuma suka auna taɓon da ambaliyar guguwar Katirina ta bari a 2005, da tokar gobarar dajin Kalifoniya ta 2007. Da haka ya zama ɗaya daga cikin waɗanda likitoci ke nema in wata ƙura ta rikitar da su.

Fasali na uku: abin da ya auku a Zamfara

Haƙar zinariya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Anka da Maru da Birnin Gwari. An yi ta a zamanin Turawa, musamman cikin shekarun 1930, sa'an nan ta yi sanyi. Abin da ya ta da ita shi ne kasuwa. A 2001 oza ɗaya ta zinariya ba ta kai dala 300 ba, amma a ƙarshen 2009 ta haura dala 1,000. Manomi wanda gonarsa ba ta kai shi ƙarshen shekara ya ga abin da ya fi gero kuɗi yana kwance bayan gari. Babu mai hankalin da zai zarge shi don ya ɗauki diga.

Ga yadda aikin yake. Maza su shiga rami su faso dutse, a cika buhuna a kawo gari. A farfasa shi da guduma, a zuba a injin niƙa, irin wanda ake niƙa hatsi da shi, ko a ba mata su daka a turmi cikin gida. Garin dutsen a wanke shi a bakin kududdufi, a zuba zaiba ta kama zinariyar, a ƙona zaibar ta tashi, zinariya ta rage. Yashin da ya saura kuma a shanya shi a tsakar gida don a sake niƙawa. Duk wannan a busashe ake yinsa, ƙura na tashi tana sauka bisa tabarma da kwano da shanyar hatsi, yara na rarrafe a ciki.

Mutanen ƙauyukan sun ce agwagi ne suka fara mutuwa, ba wanda ya kula. Sa'an nan abin ya faɗa kan yara. Yaro ya kama amai da ciwon ciki, jikinsa ya saki, sai jijjiga, sai a rasa shi cikin 'yan kwanaki. A watan Maris na 2010, wadda ta yi daidai da 1431 ta Hijira, ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta Na Gari Na Kowa suna zagayen neman sanƙarau, sai suka ji labarin mace-macen yara a ƙauyukan Bukkuyum da Anka. Aka ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, bai yi ba. Da aka ɗebi jini aka aika Turai, sai jawabi ya zo cewa dalma ce.

Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta turo mutanenta, suka haɗu da ma'aikatan lafiya na ƙasar nan, suka bi gida gida a ƙauyuka biyu. Cikin yara 463 da ba su kai shekara biyar ba, 118 sun rasu a shekara guda, watau ɗaya cikin kowane huɗu. Cikin waɗanda aka auna jininsu kuwa, 97 bisa ɗari sun kai awo 45 ko sun wuce, wanda daga nan ne likita ke fara ba da maganin fitar da dalma. Na'urar da aka zo da ita ba ta iya ƙirga abin da ya wuce 65, yara da yawa kuwa sun wuce iyakarta. Dareta da 'Yargalma da Abare da Sunke da Tungar Daji da Tungar Guru da Duza, daga baya kuma Bagega wadda ta fi su girma, duk sunayensu sun shiga wannan lissafi na baƙin ciki.

Fasali na huɗu: abin da awo ya nuna

An san dalma ce, amma tambayoyi sun rage. Ta ina ta zo, daga dutsen zinariya ko daga wani abu dabam, kamar tozali ko tsohon batir ko tukunya? Me ya sa ta yi kisa haka, alhali akwai garuruwan haƙar dalma a duniya da ba a ga irin wannan mutuwa ba? Kuma ban da ƙananan yara, wa ke cikin haɗari? Mai haƙa yana da hujjarsa, ya ce shi zinariya ya sani, bai ga dalma a dutsensa ba. Kuma ba ƙarya ya yi ba, bai gan ta ba.

Saboda haka aka ɗebi samfurin dutsen, da ƙasar gari, da sharar tsakar gida, da hatsi da ganyen miya, aka kai wa Dokta Plumlee da jama'arsa a Denba. Sakamakon aikinsu ya fito a 2013 cikin wata mujallar masana lafiya, da sunayensu tare da na likitoci da na masu aikin kwashe ƙasa.

Abu na farko, yawa. A wasu samfuran ƙasa da shara sun sami dalma har kashi 185,000 cikin miliyan. Don ɗan kasuwa ya gane: in an ɗora buhu goma na wannan ƙasa a sikeli, kowane kilo 100, to, kilo 185 a ciki dalma ce, kusan buhu biyu ke nan. Iyakar da hukumar Amurka ta yarda da ita a lokacin, a wurin da yara ke wasa, kashi 400 ce, watau abin da bai kai rabin kilo ba cikin buhunan nan goma. A kayan abinci kuma sun sami har kashi 145.

Abu na biyu, asali. Malamin da ya daɗe da takardu, in an miƙo masa warƙa guda ba suna, ya kan duba zubin haruffa da irin tawada ya ce wannan hannun Barno ne, ko hannun Kano. Haka dutse yake ga masaninsa. Da suka sa ƙwayoyin ƙurar ƙarƙashin madubi, suka tarar irin ma'adinan dalmar da ke cikin dutsen rami, su ne a ƙasar gari, su ne a sharar ɗaki, su ne a kan abinci. Silsilar ta haɗu daga rami har bakin yaro, babu yankewa, saboda haka gardama ta ƙare.

Abu na uku shi ne mafi muhimmanci, a nan ne kuma karatun Creede ya yi rana. Ruwan zafin da ya cika jijiyoyin Zamfara a zamanin dā ya kawo zinariya tare da dalma. Dalmar ta sauka ne da siffar baƙin dutse mai nauyi mai walƙiya, wanda kowace mace ta sani, shi ne dutsen tozali. Da ta zauna a wannan siffa, da mahaƙa sun gane ta da ido, kuma ba ta narkewa da sauri a cikin mutum. Amma saman jijiyoyin, inda diga ke iya kaiwa, ya sha ruwan sama da iska shekaru marasa ƙidayuwa, har yawancin dutsen tozalin ya rikiɗe ya koma wani abu fari-fari ko toka-toka, ba walƙiya, ba a bambanta shi da sauran ƙasa. Masanan suka haɗa ruwa mai tsami kamar na cikin tumbin mutum, suka ɗumama shi daidai ɗumin jiki, suka zuba ƙurar. Sai suka ga wannan sabuwar siffa tana narkewa nan da nan. Injin niƙa kuma ya mai da ita gari mai laushi, mai manne wa hannu. Ashe ruwan sama ya riga ya shirya dafin tun kafin a haifi mai digar, shi dai ya ɗauko shi ne ya kawo gida.

Suka bayyana cewa babbar hanyar shigarta jiki ita ce hannu zuwa baki, da ƙurar da aka shaƙa ta maƙale a maƙogwaro aka haɗiye. Ruwa da abinci suna biye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin yaro yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar a kan na babba, balle in yana da yunwa. Kuma suka yi gargaɗi cewa manyan yara da masu niƙa da mata masu ciki da jarirai masu shan mama duk suna cikin haɗari, ga kuma zaiba da ƙurar farin dutse mai cin huhu. Daga ƙarshe suka ce duk inda aka sami irin wannan jijiya, da irin wannan rikiɗa, da niƙa cikin gari, abin zai iya sake aukuwa. Bai daɗe ba kuwa, a 2015, ya ɓulla a ƙasar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Fasali na biyar: gyara

Likitoci suka ce ba amfani a ba yaro magani a mai da shi gidan da ya sha dafin. Saboda haka aka fara da ƙasa. Sarakuna da hakimai suka sa baki aka fitar da niƙa daga cikin gari. Aka ɗauki samarin ƙauyukan aiki, suka kankare saman ƙasar gidaje, aka kai rami aka binne, aka shimfiɗa sabuwa mai tsabta. An gama ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011. Bagega kuwa sai da ta jira kuɗin Gwamnati har 2013. Yara dubbai sun sha magani, mutuwa ta ragu ƙwarai, a 2022 ƙungiyar likitocin ta miƙa aikin ga jihar Zamfara. An kuma koya wa mahaƙa niƙa da ruwa don kada ƙura ta tashi, da wanka da sake tufafi kafin a shiga gida.

Amma fa maganin yana fitar da dalma daga jini ne, ba ya mai da abin da ta ɓata a ƙwaƙwalwa. Cikin waɗanda suka tsira akwai waɗanda suka makance, akwai waɗanda gaɓoɓinsu suka shanye. Wannan shi ne wurin da ya shafi malamai, domin likitoci sun tabbatar ko kaɗan ce dalma tana rage fahimta da riƙon karatu, ba tare da yaro ya kwanta ciwo ba. Yaron da ake biya masa allo sau goma ya tashi ba kome a kansa, mai yiwuwa ba taurin kai ba ne. Kafin a ɗauki bulala, ya kamata a tambayi garin da ya fito da sana'ar gidansu, in akwai dalili a kai shi a auna jininsa.

Shi kuwa Plumlee, a 2016 aka ɗora shi bisa sashen hukumarsu mai kula da abin da ya haɗa ƙasa da lafiyar jama'a, daga baya kuma aka naɗa shi babban masanin hukumar baki ɗaya. Wanda ya fara da neman inda azurfa ta ɓuya, sunansa ya fi fita a kan ƙurar da ke tsakar gidan talaka.

Tambihi ga mutanen Kano

Hausawa sun ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ba a niƙa dutsen zinariya a Ɗorayi, amma ƙa'idar nan biyu da aka ambata suna aiki a ko'ina: kaya ba ya zuwa shi kaɗai, kuma siffar abu ita ce ke nuna iyakar cutarsa. Ga wurare uku da suka kamata a duba.

Na farko, tozali. Dutsen da littattafan Larabci ke kira ismidi dabam ne, amma ya yi kama da dutsen dalma ƙwarai, ido ba ya raba su, kuma da yawa daga tozalin da ke kasuwannin ƙasar nan dutsen dalma ne, irin wanda ake samu a Zurak ta ƙasar Wase da wajen Abakaliki. A 2011 likitocin birnin Boston suka sami dalma a jinin wani jariri ɗan wata shida, suka bi sawu har suka kai ga tozalin da aka kawo daga Nijeriya ana sa masa. Da aka auna, fiye da kashi 82 bisa ɗari dalma ce. Gaskiya ne wannan siffa ba ta kai ta Zamfara saurin narkewa ba, amma an niƙa ta lilis, jariri kuwa yana murza ido ya kai hannu baki. Mai sayarwa a Kurmi da uwar da ke sawa, dukansu alheri suke nufi. Abin da ya fi shi ne a nisanta shi daga idon yara.

Na biyu, ruwan majema. Kano ta yi suna da jima tun zamanin da ayari ke ƙetare Sahara da jar fata, majeman dā kuwa da bagaruwa suke aiki. Masana'antun zamani da gishirin wani ƙarfe suke jima, ana ce masa kurom, shi ne ke sa fata ta fito shuɗi-shuɗi. Ruwan Sharaɗa yana bin rafin Salanta zuwa kogin Chalawa, na Bompai yana bin Getsi ya haɗu da Jakara har madatsar Wasai, a bakin waɗannan rafuka kuwa akwai lambuna. Masanan jami'o'in ƙasar nan sun sha auna ruwan da ƙasar lambunan, suna samun kurom da dalma a ciki. Kurom ma siffa biyu gare shi. Wanda ake jima da shi cutarsa da sauƙi, amma in aka ƙona shi yana iya rikiɗa ya koma siffar da ke jawo ciwon daji. Saboda haka tarkacen shuɗiyar fata ba makamashi ba ne, kada a cinna masa wuta a bola, kada a kai tokarsa gona. Masu masana'antu kuma nauyi ne a kansu su tace ruwansu kafin su sake shi, hukuma ta tsaya ta ga an yi.

Na uku, tsohon batirin mota. Mai fasa shi ya narka dalmar da ke ciki yana yin abin da aka yi a Dareta, sai dai a ɗan ƙaramin wuri. Kada a yi wannan aiki a zaure ko kusa da makaranta, kada a sa almajirai, kada a shiga gida da rigar aiki. Fatake masu sayen duwatsu daga ƙauyuka kuma, kada su ajiye buhunansu ɗaki ɗaya da hatsi, kada a juye abinci a buhun da ya ɗauki dutse, kada a niƙa dutse a injin gero.

Ba wanda ya ce a bar neman abinci. Haƙa sana'a ce, jima sana'a ce, mutanen Dala ma da narkar da tama aka san su tun farko. Abin da ake nema shi ne a tambayi masani kafin a taɓa, domin ganin Dala ba shiga birni ba ne, ganin ƙyallin dutse kuma ba sanin cikinsa ba ne. Ƙasar nan tana da hukumar binciken ƙasa tun 1919, ana kuma koyar da ilmin duwatsu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero, wadda tsohon mazauninta ke maƙwabtaka da Ɗorayi. Ƙurar Zamfara sai da ta ƙetare teku kafin a karanta abin da ke cikinta filla-filla. Uban da Allah ya ba ɗa mai kaifin lissafi, in ya sauke, ya bar shi ya nemi wannan fanni, don gobe in agwagi suka fara mutuwa a wani gari, a sami ɗan gida da zai ɗebi ƙasa ya auna tun abin bai kai ga yara ba.

Allah ya jiƙan yaran Zamfara da na Neja, ya ba iyayensu haƙuri, ya kiyashe sauran. Tamat.